Jinin Uwani

Uwani ta iso sashen hoto na asibitin tana dafa bango. Daga bakin ƙofa zuwa bencin jira ba wata tafiya ba ce, amma sai da ta tsaya a tsakiya ta mayar da numfashi. Aina'u ce ta rako ta, wadda suke ɗinkin bakin tabarma tare a wani kamfanin roba da ke Sharaɗa, tana riƙe da ledar da suka zuba hotunan sikanin a ciki.

Mas'uda ta fito ta kira sunan Uwani. Ita ce ma'aikaciyar da ke sarrafa na'urar hoto a ɗakin da ake yi wa mutane aiki ta cikin jijiya ba tare da an tsaga su ba. Kafin ta ce komai sai ta kama hannun Uwani ta juya tafin, ta ga ya yi fari fat.

"Yaya Uwani, tun yaushe jinin yake zuba haka?"

"Tun wancan azumin. Da yana ɗaukewa ya dawo. Yanzu kam sai dai ya ragu."

"Kuma kina zuwa aiki a haka?"

"To ya zan yi?"

Mas'uda ta shigar da ita ɗakin aikin don ta gani da idonta. Haka take yi wa kowa, saboda ta lura rabin tsoron masu jinya na rashin sanin abin da ke bayan ƙofar ne. Wani siririn gado ne a tsakiya, da wata ƙatuwar na'ura mai lanƙwasa da ta rungume shi sama da ƙasa, ga allon kallo rataye a gefe, ga rigunan dalma masu nauyi da ake sawa don kariya daga hasken na'urar a jikin bango.

"Likitan mata ya gaya miki ƙari ne a mahaifarki," in ji Mas'uda. "Ƙarin nan da jini yake rayuwa, akwai jijiyoyin da suke kai masa. Dokta Muhyiddeen zai yi ƙaramar huda a saman cinyarki, ya zura wani siririn bututu ya bi jijiya da shi. Shi ba ya ganin cikin jiki, sai abin da na nuna masa. Ina tsaye a nan ina juya na'urar, yana kallon hanya a allo. In ya isa wurin sai ya toshe jijiyoyin, ƙarin ya rasa abinci ya motse, jinin ya tsaya. Idonki biyu za a yi, kina jin hirarmu."

"Ba za a cire mahaifar ba?"

"Ba za a cire ba."

Ta zaunar da ita ta shiga tambayoyinta na kullum. Ko tana zaton akwai ciki, ko akwai maganin da jikinta ba ya karɓa, ko tana da asma, ko an taɓa ce mata ƙodarta na da matsala. Ta gaya mata gaskiya cewa hasken na'urar ba abin wasa ba ne, shi ya sa ita aka ajiye ta auna shi, ta taƙaita shi a kan wurin da ake buƙata kawai, ta kashe shi da zarar likita ya ga abin da yake nema.

Maganar biya ba ta taso ba, domin wata ƙungiya ta ɗauki nauyin mata masu wannan larura, kayan aiki ma suna ajiye. Abin da ya rage shi ne a ƙara wa Uwani jini tukun, don wanda ke jikinta bai isa a kwantar da ita a gadon nan ba.

"Ki zo da maigidanki ya bayar, ya kuma ji bayani da kunnensa. In an yi, za ki ɗan kwanta a gida ki huta kafin ki koma aiki."

A hanyar fita Uwani ta ce wa Aina'u, "Ashe abin da sauƙi." Rabon Aina'u da ganin haƙoranta a waje har ta manta.

Gidan haya suke zaune a bayan kamfanoni, inda kwata ke gudu da ruwa mai launi. Mijinta Labaran ma'aikacin kamfanin fata ne a Challawa kafin a rage ma'aikata a sallame shi. Tun daga nan sai dai ya leƙa Dakata ya yi dako in ya ga dama, in bai gani ba ya wuni a teburin mai shayi. Mahaifiyarsa, da kowa ke kira Inna, tana ɗaki guda, ƙafafu sun daina ɗaukarta, sai an ɗaga ta an kwantar. Ga 'yarsu ɗaya, Mubina, tana ƙaramar sakandare. Abin da Uwani ta samo daga kamfani shi ne tukunyar gidan.

Sai da ta tuƙa tuwo ta ajiye masa, ta bari ya ci rabi, sannan ta faɗa masa.

"Likitan namiji ne?" in ji Labaran.

"Namiji ne, amma akwai mata a ɗakin."

"A cinya kika ce zai huda ki?"

"Za a rufe ni, Malam. Wurin hudar kawai za a bari."

"Ina raye wani ƙato zai buɗe cinyar matata? Ki bar maganar nan."

Uwani ta bar maganar a ranar. Da ta koma asibiti ta gaya wa Mas'uda cikin jin kunya. Mas'uda ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta je ta sami Dokta Muhyiddeen, ta dawo ta ce likita ya yarda zai bi ta jijiyar wuyan hannu, ba sai an taɓa cinya ba. Uwani ta koma gida da wannan albishir tana ganin magana ta ƙare.

Sai ta tarar da sabuwa. Wani a teburin mai shayi ya gaya wa Labaran cewa hasken injin asibiti yana ƙone mahaifa, matar wansa ma tun da aka haska ta ba ta sake ko ɓatan wata ba. Shi kuwa Labaran ɗa namiji yake jira.

Da ƙyar Uwani ta lallaɓa shi ya zo asibitin. Ya zo da farar riga da hula, ya gaisa cikin ladabi, har yana sunkuyar da kai. Mas'uda ta ba shi kujera, ta nuna masa hoton ƙarin, ta nuna masa ɗan ƙaramin ma'aunin da ke maƙale a ƙirjin rigarta.

"Malam, ni kullum ina tsaye kusa da hasken nan, wannan abin yana auna abin da jikina ya ɗauka. Ina da aure, ina da 'ya'ya. Ita kuma sau ɗaya za a yi mata, kuma ni zan tsare ma'aunin. Ba hasken ne abin tsoro ba, jinin da take zubarwa ne."

"Na ji, Malama. To in an yi, za ta haihu?"

Mas'uda ta san amsar da za ta sa ya yarda, amma ba ita ce gaskiya ba.

"Wannan likita ba zai ba ku tabbas ba. Wasu suna haihuwa bayan an yi, wasu ba sa yi. Amma a yadda take yanzu ma ciki ba zai zauna ba."

Labaran ya juya ya dubi matarsa. "Kin ji ko? Su ma ba su da tabbas."

"Maganar jinin fa, Malam? Ko ba a yi aikin yau ba, tana buƙatar a ƙara mata."

"Ni ɗan dako ne, Malama. Da jinin nake ɗaga buhu. In aka zuƙe shi na faɗi a Dakata, wa zai riƙe gidan?"

"Jiki yana mayar da shi. Ana ba ku abin sha ku huta kaɗan, ku tashi ku tafi da ƙafarku."

"Bari in yi shawara da Inna."

Inna ta saurari bayanin tana kwance, ta sa aka jingina ta da bango sannan ta yanke hukunci. Ta ce mace da jini aka halicce ta, su a zamaninsu a ɗaki suka haihu, suka zubar da abin da ya fi wannan, ba wanda ya zura musu bututu. Ta aika aka karɓo sassaƙe daga wata mai magani a Ja'en, aka jiƙa a tulu, aka ce Uwani ta riƙa sha safe da yamma.

Da Labaran ya fita, Uwani tana goge mata baya da ruwan ɗumi, sai Inna ta yi ƙasa da murya.

"Ke yanzu in kika je kika kwanta, wa zai ɗaga ni? Labaran namiji ne, ba zai kai ni bayan gida ba. Kamfanin kuma kin san ba sa jiran kowa. Ki yi haƙuri, ki sha maganin nan, za ki ga canji."

Uwani ta ce, "To, Inna."

Ta sha. Jiƙon ya yi ta murɗa mata ciki, jinin kuwa ya ƙaru.

Ranar da asibiti ya sa mata ta zo ta wuce tana kan keken ɗinki. A kamfanin, zafin narkakkiyar roba ba ya barin kowa ya bushe. Tabarmi suna fitowa daga inji a miƙe, mata suna yanka, suna naɗe baki, suna ɗinkewa. Uwani takan yayyaga tsofaffin zannuwa ta zo da su a leda, ta riƙa zagayawa tana canzawa, har foman ya fara ƙorafin yawan fitarta. Sai ta rage fita. Ta koma shimfiɗa kwali a kan kujerarta, in an tashi ta naɗe shi ta ɓoye a hijabi ta jefar a hanya. Aina'u takan jawo rabin tabarmin da ke gabanta ta ɗinke mata.

Ƙafafunta suka fara kumbura har silifas ya daina shiga. Takan ji bugun zuciyarta a cikin kunne kamar ana daka a maƙwabta. Ta kamu da kwaɗayin farar ƙasa da ƙanƙara, abinci kuwa ba ya wuce loma kaɗan. Malamar Islamiyya ta gaya mata irin wannan jini ba ya hana salla, sai ta riƙa sabunta alwala tana yi a zaune, domin in ta yi ruku'u duniya juyawa take yi. Duk da haka ita ke ɗora sanwar safe kafin ta fita, ita ke ɗaga Inna, ita ke wanke mata zani. Labaran ya ɗauke tabarmarsa ya koma zaure da kwana, ya ce ƙarni yana damunsa.

Mas'uda ta yi ta kiran waya. Wani lokaci Uwani ta ɗauka ta ce suna nan zuwa, wani lokaci wayar tana hannun Labaran, ya ce ai da sauƙi, an gode. Da abin ya ishi Mas'uda, wata Asabar da hantsi ta nemi Aina'u ta raka ta gidan.

Sun tarar da Uwani zaune a bakin murhu, ta jingina kai da bango, muciya a hannu, ta kasa juya tukunyar. Mas'uda ta karɓi muciyar ta miƙa wa Aina'u, ta tsuguna ta duba idon Uwani, ta danna ƙafarta, yatsa ya lotsa wurin bai taso ba.

"Yaya Uwani, ki saurare ni. Na sama miki jini. Abokan aikina biyu sun bayar da sunanki, yana ajiye. Sa hannu kuma ba dole sai na miji ba. Ke baliga ce, da hankalinki, jikinki ne. Ke za ki sa. Na roƙi likita ya sake ba ki rana. Amma yau ki taso mu tafi a fara ƙara miki jinin, don zuciyarki ta gaji."

Uwani ta dube ta, ta dubi ƙofar ɗakin Inna. Ta miƙe a hankali, ta shiga ɗaki ta zuro hijabi. Tana neman takalmin da zai shige ta Labaran ya yi sallama.

Ya gaishe da baƙi da fara'a. Da ya ji abin da ya kawo su sai fara'ar ta gushe, amma bai ɗaga murya ba.

"Malama, na gode da ɗawainiya. Amma ban ce ba za a yi ba. Cewa na yi a bari bayan Salla. Yanzu kamfaninsu aiki ya yi yawa, kowa tabarmar Idi yake nema, har ƙarin lokaci ake musu. In ta kwanta yanzu za a ba wata kekenta. Da me za mu yi azumin? Bayan Salla da kaina zan kawo ta."

"Malam, ban san ko jikinta zai kai bayan Salla ba."

"Ke ce Allah?"

"A'a. Abin da na gani nake gaya muku."

Daga cikin ɗaki Inna ta ce, "Labaran, wace ce take yi wa matarka fatan mutuwa a gidana?"

Labaran ya juya wurin Uwani, ya dubi hijabin da ta sa.

"Ga hanya nan. Amma in kika taka asibitin nan ba da izinina ba, a bakin aurenki."

  Uwani ta kama bakin hijabin ta cire shi, ta ninke, ta rataye a igiyar shanya.

Ta rako su zaure tana jan ƙafa. Mas'uda ta riƙe hannunta ta ƙi saki.

"Ki yi haƙuri, 'yar'uwa," in ji Uwani. "Iyayena sun rasu. In ya sake ni, gidan ƙanin babana zan koma a ƙauyenmu can Jigawa, shi ma da ƙyar yake ci da nasa. Kuma ba za su ba ni Mubina ba. Ya ce bayan Salla. Zan lallaɓa."

"In kika ji numfashi yana miki wuya, ko da wane lokaci ne, ki kira ni."

"Zan kira."

Ba ta kira ba. Ta ɗauki azumi tare da kowa duk da malamar ta ce ta sha, saboda Inna ta ce ba a gidanta za a ga ƙatuwar mace tana cin abinci da rana ba. Ana cikin goman ƙarshe, wata safiya a kamfani, ta miƙe za ta ɗauko tabarma sai ta kife a kan tarin da ke gabanta. Da aka juyo ta, zaninta ya jiƙe har ƙasa. Foman ya tsayar da adaidaita sahu, Aina'u ta rungume ta a baya, suka kutsa tsakanin tireloli zuwa asibiti.

A ɗakin taimakon gaggawa aka ɗaura mata jinin da ake ta ajiye mata. Likitan mata ya ce ba za ta iya jure a tsaga ta ba, in akwai abin da zai tsayar da zubar nan to toshe jijiyar ne. Aka kira Dokta Muhyiddeen, aka kira Mas'uda. Aina'u tana ta kiran wayar Labaran ba ya ɗauka.

Uwani ta farfaɗo, idonta a kan silin. Mas'uda ta sunkuya kusa da kunnenta.

"Yaya Uwani, ni ce. Likita yana so ya yi aikin yanzu. Ba a sami maigidanki ba. Sai da yardarki."

Leɓɓan Uwani suka motsa. "Ku yi. In ya ga dama ya rubuto takardar sakin."

Ta dangwala yatsa a takardar amincewa. Aka tura ta ɗakin da ta taɓa shiga da ƙafarta.

Mas'uda ta zura rigar dalma, ta duba sunan da ke ɗaure a hannun Uwani duk da ta san ta, ta duba sakamakon gwajin ciki da na ƙoda, ta gyara mata kwanciya. Ta rufe ta ruf, hannu ɗaya kawai ta bari a waje. Ta jawo na'urar ta daidaita ta a kan mara, ta matse hasken ya tsaya iya wurin. Likita ya kashe wuyan hannun da allura, ya huda, ya fara zura bututun.

"Haska," in ji shi. Ta haska. "Bi ni ƙasa. Karkata hagu kaɗan. Tsaya nan."

Tana bin bakin bututun a allo, tana kashe hasken duk lokacin da likita ya ɗauke ido, tana kuma sauraron numfashin Uwani. Da aka tura ruwan da ke bayyana jijiya, sai ga jijiyoyin sun fito baƙi wuluk, a cukurkuɗe kamar saiwar ciyawa, duk sun nannaɗe ƙarin.

"Za ki ji ɗumi a mararki, kada ki tsorata," in ji Mas'uda.

"Ina ji."

Likita ya toshe ɓangare ɗaya, ya koma ɗayan. Da aka sake tura ruwan, cukurkuɗaɗɗun jijiyoyin sun ɓace daga allo. Mas'uda ta ɗauki hoton ƙarshe ta adana, ta rubuta yawan hasken da aka yi amfani da shi, ta ture na'urar gefe.

"Ya tsaya?" in ji Uwani.

"Ya tsaya, Yaya."

"Shi ke nan aikin?"

"Shi ke nan."

Hawaye ya gangaro mata ta gefen ido ya shiga kunne. "Ɗan wannan abin," in ji ta. 

Jinin bai sake zuba ba. Amma zuciyar da ta daɗe tana wahala babu abin da za ta tura ta riga ta gaji. Bayan azahar numfashi ya fara sarƙe mata, ruwa ya taru a huhu. Likitoci suka yi iya yinsu. Ana kiran la'asar a masallacin asibiti ta cika, kanta a kan cinyar Aina'u.

Labaran ya iso bayan an rufe ta da zani. Ashe yana Bompai, wai wani ya ce ana ɗaukar masu gadi, wayar kuma tana caji a shago. Ya tsaya a kanta ya yi salati, ya share ido da bakin riga. Da aka gaya masa an yi aikin, sai ya ɗago.

"Wa ya ba su izini?"

Ranar sadakar uku Mas'uda ta je ta'aziyya bayan ta tashi daga aiki. Maza suna waje a kan tabarmi, ta jiyo muryar Labaran tun kafin ta ƙaraso. Yana gaya musu shi dama jikinsa ya ba shi, ya hana ya hana, suka faki idonsa suka sa ta a injin. Da safe aka haska ta, la'asar ta mutu. Mutanen suna girgiza kai, wani yana cewa asibitin yanzu sai addu'a.

A cikin gida mata sun kewaye Inna, an jingina ta da filo. Ita ma maganar ke nan.

"Yarinya tana shan maganinta, har ta fara samun sauƙi. Suka zo har gida suna hure mata kunne."

Mas'uda ta gaishe su, ta yi addu'a, ta yi niyyar tashi. Sai ta ga Mubina a gefen rijiya tana wanke zanin Inna, ta tsayar da hannu tana saurare. Mas'uda ta koma ta zauna.

"Inna, ku gafarce ni, zan faɗi magana ɗaya don yarinyar nan ta ji. Ni ce na riƙe injin. Aikin ya yi, jinin ya tsaya, ina tsaye. Abin da ya kashe Yaya Uwani jinin da ya riga ya zube ne. Kuma ba a asibiti ya zube ba. A gidan nan ya zube, da kan kujerar kamfani, tun wancan azumin, kowa yana gani. An sa mata rana aka hana ta. An sama mata jini aka hana ta."

Matan suka sunkuyar da kai. Wata ta ja carbi da ƙarfi.

"Kwananta ne ya ƙare," in ji Inna.

"Haka ne, Inna. Wannan na Allah ne. Hanin kuwa ba Shi ya yi ba."

 Wata tsohuwa ta ce a yi salati, aka yi, aka shafa, hira ta koma kan tsadar gero.

Mas'uda ta fito tare da Aina'u. A zaure Labaran ya tare su. Bai dubi Mas'uda ba, Aina'u ya ja gefe, amma zauren ƙarami ne.

"Dama ina son ganinki. Ki yi wa foman ɗinku magana kada ya ba wata keken marigayiya. Mubina ta iya ɗinki, ta girma, makarantar ma ba wani abu suke koyo ba. Da safe ta gyara Inna, ta bi ki ku tafi."

Aina'u ta dube shi. "Malam Labaran, ƙasar kabarinta ko bushewa ba ta yi ba."

"Na sani. Amma kin san kamfani, gurbi ba ya jira."

Gaskiya ya faɗa, gurbi ba ya jira. Tukunyar gidan ba ta taɓa jira ba, bayan gidan Inna bai jira ba, tabarmar Idi ma ba ta jira ba. A duk gidan, abu ɗaya aka ga zai iya jira har bayan Salla, shi ne jinin Uwani.